Fallen da Dakta ya naɗe cikin haraminsa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Malam Sa'idu, amma har yau idan na ji mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya fara ɗigar da ruwa, ɗis, ɗis, sai in saki abin da ke hannuna in je in duba abin da ke ƙarƙashinsa. Da wannan 'yar ƙarar komai ya fara. Na so a bana in rubuta irin abin da aka saba rubutawa a kan mamaci, haƙurinsa da kyautarsa da yadda bai taɓa ɗaga mini murya a gaban mutane ba. Duk gaskiya ne. Amma duk sanda na zauna, sai wani falle guda ya tsaya mini a gaba, wanda muka ɓoye tun yana raye, na kuma ci gaba da ɓoyewa bayan ya tafi. A bana ɓoyon ya ƙare, ba kuma da shirina ba.

Mutanen unguwarmu ta Ƙurban, a nan Madina, Dakta suke ce masa, ni ma haka bakina ya saba. Ba likita ba ne, mai haɗa magani ne a wani asibiti, amma a garin nan duk wanda ya sa farar rigar aiki ya zama dakta. Daga Kano ya ɗauko ni ina amarya, a nan na haifi ɗanmu tilo, wanda nake kira Abba saboda sunan surukina ya ci. Dakta yana da wata ɗabi'a da ta sha jawo mana faɗan wasa: ba ya tsallake rubutacciyar takarda a ƙasa. Madina kuwa gari ne da kowane harshe na duniya ke zubar da takardunsa. Ranar wanki sai in zazzage aljihun jallabiyarsa in tarar da rasit na Urdu, da guntun jaridar Turkawa, da wani rubutu mai kama da tafiyar tururuwa.

"Dakta, wannan fa takardar biskit ce," nakan ce.

"Kin karanta?"

"Ina na iya?"

"To ni ma ban iya ba, Hajiya. Idan da sunan Allah a ciki fa?"

Sai ya tara su a leda, ranar Juma'a ya kai akwatin ƙarfen da ke jikin bangon masallacinmu. Akwatin nan don haka aka kafa shi: Alƙur'anin da ya tsufa ya yayyage, da littafin makaranta mai ayoyi, da duk takardar da ke ɗauke da sunan Allah. Lokaci-lokaci mota kan zo ta kwashe, a kai inda za a ƙona su cikin mutunci, don kada a taka su.

A cikin littattafan Dakta akwai wani tsohon littafin fiƙihu, rubutun hannu, mai bangon fata. Wani dattijo ne ya ba shi, daga cikin mutanenmu da kakanninsu suka zo hajji a ƙafa suka zauna. Dakta ya daɗe yana kai masa maganin hawan jini har gida. Dattijon ya ce kakansa ne ya sayi littafin a Masar kan hanyarsa ta zuwa, 'ya'yansa kuma babu mai buɗe shi. Littafin yana can saman kanta, daidai ƙarƙashin mukayyif na falo.

Wata rana da hantsi ina kicin ina tsinkar ganyen mulukiyya, wato lalo, na ji ɗigar. Na ɗauka famfo ne. Na murɗa famfo, ɗigar ba ta tsaya ba. Da na leƙa falo sai na ga bututun mukayyif ya toshe, ruwa na sauka a kan littafin nan, bangon ya sha ya kumbura. Na ɗauke shi, na jingine shi gaban fanka, na yi ta zulumin abin da zan ce. Dakta ya dawo ya tarar da shi a gaban fanka. Ya zauna a kan darduma ya ɗora littafin a cinya, yana taɓa bangon sai fatar ta saki, ta ɗago da kanta. A ƙarƙashinta, manne da kwalin bangon, akwai wani falle.

Ba takarda ba ce. Fata ce da aka jeme har ta yi sirantar takarda, launin shayin da aka sa wa madara kaɗan, girmanta kamar tafin hannu biyu a haɗe. An datse gefenta ɗaya da wuƙa, har rabin wasu kalmomin ya tafi. Rubutun ya kasu gida biyu, haruffan ƙanana ne masu zagaye, a jere kamar 'ya'yan carbi, a bakin layi kuma akwai wani babban harafi da jar tawada. Ba Larabci ba ne, ba boko ba ne. Dakta ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo, sai ya sa farce kusa da wani harafi ba tare da ya taɓa shi ba. Ya ce wannan kullum yana ganinsa a jikin kwalbar magani, wancan ma haka. "Girkanci ne, Hajiya. Me Girkanci ke yi a bangon littafin fiƙihu?"

Yana da aboki tun makarantar kwana, Ishaya, Kirista, wanda a lokacin yake koyarwa a wata kwalejin coci a wajajen Jos, ya kuma iya harshen. Dakta ya ɗauki hoton fallen ya tura masa. Ba a jima ba waya ta yi ƙara, ya sa ta a fili ina ji.

"Sa'idu, ina ka samo wannan?"

"A falona."

"A Madina? Kai, tun muna aji ɗaya na san wata rana za ka jawo wa kanka magana!"

Suka yi dariya, ni kuwa ban yi ba. Ishaya ya ce wani yanki ne na Linjila, wani ya kwafe shi da hannu ɗaruruwan shekaru kafin a san injin buga littafi. Da littafin ya tsufa, wani mai ɗinkin littattafai ya yanka shi ya ƙarfafa bango da shi, wataƙila bai ma san abin da yake yankawa ba. Ya ce wurin da ya rage labarin Zakariyya ne lokacin da aka yi masa bushara da Yahaya. Sannan ya nuna wa Dakta wasu haruffa biyu da aka ja wa ɗan layi a kai. Ya ce sunan Allah ne. Masu kwafen ba sa rubuta shi kamar sauran kalmomi, sukan taƙaita shi su rufa masa wannan layin saboda girmamawa. A ƙarshe ya ce, "Ba nawa ba ne, ba naka ba ne. Ka kai wa masu adana tsofaffin rubutu. Kafin nan kada ya ga rana, kada ya ga laima."

Mai karatu, ka sa kanka a matsayina. Daga tagar kicin ɗina ina jin kiran sallar masallacin Ƙuba. A wannan gari na tarbiyyantar da ɗana. Ga shi an ce mini a falona akwai littafin Nasara. Abin da na fara cewa shi ne a fitar da shi yau. Dakta ya ce a kai shi ina? Shara? Ga sunan Allah, ga sunan annabawa biyu. Ya je ya tambayi wani malami da ya amince da shi, ba tare da ya faɗi cewa a gidansa abin yake ba. Malamin ya ce ba a neman shiriya a cikinsa, ba a kuma wulaƙanta shi. Da wannan amsar muka rayu. Dakta ya sa fallen tsakanin kwali biyu, ya yanki gefen tsohon haraminsa na aikin hajji ya naɗe shi. Muka yi ta shawarar wurin ajiya kamar masu neman wa baƙo ɗaki. Ba zai hau saman Alƙur'ani ba, ba zai sauka cikin takardun wuta da ruwa ba. A ƙarshe ya samu hawa na biyu a kanta, shi kaɗai. Na roƙi Dakta kada kowa ya ji, ya ce to.

Ya yi niyyar kai shi inda Ishaya ya ce. Sau da yawa yakan ce bayan Ramadan, bayan hajji, idan aiki ya lafa. Ina jin shi ma yana da nasa tsoron, don baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama, ba ya son tambayar da bai san ƙarshenta ba. Ina jin kuma ya shaƙu da abin. Wani lokaci bayan la'asar sai in tarar ya buɗe, yana kallo kawai. Ya taɓa nuna mini inda tawadar ta yi kauri sannan ta riƙa dusashewa, ya ce nan ne marubucin ya sake tsoma alƙalami. Ya ce mutumin nan bayansa ya yi ciwo, idonsa ya yi yaji, kamar dai malaman zaure na gida. Na ce, "Dakta, ka dai yi a hankali." Ya ce, "Imanina ba a bangon littafi yake ba, Hajiya, da ruwan mukayyif zai ɓamɓare shi."

Shekara uku bayan haka ciwon zuciya ya kama shi. A mota, Abba na tuƙi za mu asibiti, ya juyo ya ce mini, kamar mai tuna wa mutum ya kashe gas, "Wancan abin na hawa na biyu, kada a ƙona, kada a yar." Na ce ya daina irin wannan magana. Bai dawo gidan ba.

An binne shi a Baƙi'a. Mutane suka yi ta cewa ya yi sa'a, ni ma na san ya yi. Amma mata ba sa shiga, kaburburan kuma babu suna a kansu. Nakan tsaya a bakin shingen in leƙa, in ga ƙasa da duwatsu da tattabaru, ban san ta ina zan dosa da idona ba. Sai in dawo gida in goge ƙurar hawa na biyu. Ban san lokacin da wannan ƙunshin ya zame mini wurin da nake tsayawa in ce Allah ya jiƙanka ba.

Haka na rayu tsakanin tsoro biyu. Idan maƙwabta suka shigo falo, idona na kan kanta. Ina tsoron wata ta ɗauka ta buɗe, gobe a ce ashe Dakta da ake gani a sahun farko abin da yake ajiyewa ke nan. Mamaci ba ya tashi ya kare kansa. Ina kuma tsoron in mutu in bar amanar a inda take. Abba ya sani, shi kaɗai. Injiniya ne a filin jirgi, haifaffen nan, ina yi masa Hausa yana mayar mini da Larabci. Ya sha ce mini, "Ya Ummi, mu sa shi a akwatin masallaci, halas, shi ke nan. Ba wulaƙanci ba ne, da Alƙur'ani za a haɗa shi." In ce mahaifinka ya ce kada a ƙona. Ya ce, "To mu kai shi ina, a tambaye ni ina na samu, ni da aikina ke hannun mutane?" Nakan tambayi kaina abin da Dakta zai ce da ya ga ɗansa da matarsa suna raɗa a kan abin da shi ya riƙa kallo da rana tsaka. Ina jin da ya yi mana dariya, sannan ya tuna shi ma ai bai kai ba.

A bana muka tashi daga Ƙurban muka koma Al-Azizya, kusa da dangin Salma, matar Abba. Salma yarinya ce mai ladabi, jikar irin mutanen nan da suka zo a ƙafa. Suna da 'ya guda, Jumana, wadda aka haifa 'yan watanni bayan rasuwar Dakta. Sitti take ce mini, kamar yadda yaran nan ke kiran kakanninsu, Hausa kuwa tana ji sarai amma ba ta mayarwa.

Ranar kwasar kaya na je yi wa wata maƙwabciya sallama. Da na dawo kanta ta zama wayam. Littattafai na cikin kwali, na zazzage su duka, ƙunshin babu. Na kalli Abba, ya gane abin da ke raina, ya ce wallahi ba shi ba ne. Salma ta fito daga kicin tana goge hannu, ta ce in dai wannan farin ƙunshin ne, ta ga tsohuwar fata ce mai rubutu, ta ɗauka irin tsofaffin warƙoƙin Alƙur'ani ne na mutanen da. Ta ji tsoron kada masu ɗaukar kaya su taka shi, sai ta haɗa shi da tsofaffin kalanda da littattafan islamiyya ta kai akwatin masallaci. Ta ce, "Har da bisimilla na saka shi, Mama." Yarinyar nan ladabi ta yi. Babu wanda ya taɓa gaya mata komai.

Ban san yadda na zura abaya ba. Ni da Abba da Salma muka isa masallacin ana idar da la'asar, maza na fitowa suna neman takalma. Akwatin a kulle yake, bakinsa kawai ake ɗagawa a zura abu, hannu ba ya kaiwa ciki. Makullin na wurin ladan, Ammu Bakur, tsoho ne cikin mutanenmu, Hausarsa ta kakanni ce, ta cakuɗe da Larabci.

"Hajja, me ya faɗa? Iƙama ko zinari? Wancan watan wani ya jefa fasfo ɗin matarsa, ya ce kuskure ne, ni dai ban yarda ba."

Abba ya ce takarda ce ta mahaifinsa, mai muhimmanci. Ammu Bakur ya ce mun taki sa'a, gobe masu kwasa za su zo. Ya buɗe, ya tona, ya ciro ƙunshin. Na miƙa hannu. Amma tsohon, cikin son ya tabbatar shi ne, sai ya warware haramin ya ɗaga kwalin. Murmushinsa ya ɗauke. Mutum uku ko huɗu suka matso. Wani Balarabe mai shago da na sani ya leƙa ya ja da baya yana ta'awwizi. Ya ce talasim ne, irin rubutun masu sihiri. Ya ce dubi yadda aka naɗe shi cikin farin ƙyalle kamar likkafani, a kawo ruwa a tofa a wanke shi, ko a cinna masa wuta nan take. Wani ya tambaya gidan wa ya fito. Wani ya amsa, gidan Dakta.

Mu da muka fito daga ƙasar Hausa mun san da wane ido ake kallonmu idan aka ga rubutu naɗe cikin tsumma. Shekara goma ina gudun a ce Dakta ya ajiye littafin Nasara, ga shi a gabana ana shirin cewa boka ne. Mai shagon har ya fara lalube aljihu.

Ban taɓa ɗaga murya a gaban maza a ƙofar masallaci ba. Na ji kaina ina cewa, da Larabcina na kasuwa, "Ba sihiri ba ne. Linjila ce." Na ce daga bangon littafin fiƙihu ta fito, littafin yana nan a gida ga mai son gani. Na ce labarin Annabi Zakariyya ne da Annabi Yahaya, amincin Allah ya tabbata a gare su. Na matsa na nuna haruffan nan biyu masu layi a kai, na ce wannan sunan Allah ne a harshensu, shi ya sa mijina bai yar ba. Na ce ƙyallen da kuke cewa likkafani haraminsa ne, da shi ya tsaya a Arfa.

Liman ya fito a lokacin, matashi ne, bai kai Abba ba. Ya saurara, ya karɓi fallen a kan kwalinsa ya duba. Ya ce shi bai iya harshen ba, amma haruffan Yunanawa ne, wato Girkanci, ba zanen masu sihiri ba. Ya ce wannan ba na akwati ba ne, ba kuma na falo ba, akwai masu aikin adana irinsa a garin nan, a kai musu. Mai shagon ya ce shi dai da gidansa ne ba zai kwana da shi ba, ya tafi yana girgiza kai. Ammu Bakur ya mayar da ƙunshin yadda yake, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce da Hausa, a hankali, "Hajja, mutumin da ya cika mini akwatin nan da takardun biskit, ni za a gaya wa ko shi wane ne? Allah ya jiƙan Dakta."

A mota Salma na kuka a baya tana ba ni haƙuri, ni ina ba ta. Washegari Abba ya sa fararen kaya, ya ɗauki ƙunshin da littafin fiƙihun duka biyun, ya ce, "Ya Ummi, tunda kin faɗa a ƙofar masallaci, ni me ya rage mini?" Ya kai su wani ɗakin adana tsofaffin rubuce-rubuce. Na yini a kan darduma, waya a gefena, ina jiran a ce an riƙe shi ana tambaya. Ya dawo kafin magariba. Ya ce mutumin da ya karɓa sai da ya sa safar hannu, faɗan da ya yi kawai a kan mukayyif ne. Sun yi tambayoyi, ya amsa. Sun ce za su rubuta sunan wanda ya gano shi a jikin katin ajiyar, sai ya ba su sunan mahaifinsa. Haramin kuwa suka dawo mana da shi.

Ba zan ce hankalina ya kwanta ba. Maganar ta zaga Ƙurban. Wata da muka yi shekaru muna musayar kwano ranar Juma'a ba ta ƙara kirana ba tun ranar. Wata ta bugo ta ce ta ji labari, amma ita ta san Dakta mutumin kirki ne, ta yi ta nanata amman nan har na gane akwai wurin da ake cewa akasin haka. Yanzu kuma sunansa, wanda babu shi a kan kabarinsa, yana rubuce a gefen fallen Linjila, a Madina. Wasu ranakun abin na sanyaya mini rai. Wasu ranakun sai in farka ina tunanin wanda zai karanta katin nan bayan babu mu, da abin da zai zata. Abba ya sanar da Ishaya, wanda bai taɓa barin ranar rasuwar ta wuce bai gaishe mu ba. Ya tsufa yanzu. Ya ce, "Sa'idu ya yi jinkiri kamar kullum, amma ya bar wadda ta fi shi ƙarfin hali." Ni na san ba ƙarfin hali ba ne. Tsoro ne ya kori tsoro.

Dakta bai bar gida ba, bai bar suna a jarida ba. Abokan aikinsa da yawa sun koma ƙasashensu, asibitin ma an ce an sake masa fasali. Idan na auna abin da ya rage nasa, sai in ga ɗan abu ne: sunkuyawar nan da yake yi a kan titi. Bai taɓa zaunar da mu ya koya mana ba. Amma ita ce ta hana shi yar da rubutun wani bawan Allah da bai san sunansa ba, ba kuma addininsu ɗaya ba. Ita ce ta sa Salma ta kai ƙunshin akwati da bisimilla. Ita ce ma ta sa Abba ya riƙa cewa a ƙona, don a ganinsa wuta ta fi tafin ƙafa. Dukanmu abu ɗaya muke karewa, muka kusa hallaka shi. Allah ya jiƙan Malam Sa'idu, ya haskaka kabarinsa, ya sa amanar nan ta isa inda ya so.

Makon jiya na riƙo hannun Jumana za mu bagala, shagon unguwa, sayen burodi. A bakin hanya ta fizge hannunta, ta tsuguna ta ɗauki wata takarda da iska ta jefo, ta karkaɗe ta, ta yi ɗage tana neman cusa ta a tsagar bango. Na duba, ledar taliya ce ta mutanen gabas, rubutun kamar an zana ƙananan tagogi. Na ce, "Jumana, yar da wannan, ƙazanta ce. Ba ki ga ba Larabci ba ne?"

Ta ɗago ta dube ni. Na jira Larabcin da ta saba, sai na ji Hausa, a karkace, kalma bayan kalma.

"Kaka, ni ban iya karantawa ba. Idan da sunan Allah a ciki fa?"